Cokalin Baƙin Mai da Ya Wanke Bappa Sale

Ban taɓa mantawa da ranar da aka shigo da babur lamba uku garejinmu a bayan a-kori-kura ba. Laka ta bushe a ƙafafunsa huɗu, Bappa Sale kuwa yana zaune a gefensa ya dafa sirdin kamar mai rakiyar majinyaci asibiti. Ranar Litinin ce a tsakiyar watan Agusta, ina shekarata ta biyu a aiki. Ku da kuka zo bayana kun sha tambayata dalilin da ya sa ba na sa hannu a katin sabis sai na ga abu da idona. To ga dalilin, kuma ku yi mini haƙuri idan alƙalamina ya yi zafi, don har yau in na tuna raina yakan ɓaci.

Ga waɗanda ba su san aikinmu ba: ƙungiyarmu tana kai allurar rigakafin shanu rugage. Da damina mota ba ta iya shiga inda muke zuwa, saboda kwari da taɓo, don haka ake amfani da babura masu ƙafa huɗu, irin masu ƙiba da faffaɗan tayoyi. Garejin yana unguwar Jekadafari a Gombe, bayan ofis. Manajan sufuri ne a sama, sai shugaban gareji Oga Garba, sai makanikai, sai ni mataimakiyar makanike. A can ƙasa kuma akwai matuƙa, waɗanda ake sabunta musu takardar aiki shekara-shekara. Matuƙi ba shi da wanda zai tsaya masa. Layi biyu a rahoto sun isa su raba shi da abincinsa.

Bappa Sale mutumin unguwar Madaki ne, ya haura hamsin, siriri, ba ya yawan magana. Shi kaɗai ne a cikin matuƙan yake wanke babur ɗinsa kafin ya wanke ƙafarsa. Sauran suna kirana "Injiniya" da sigar zolaya, shi kuwa "'yata" yake ce mini tun ranar da na fara.

Abin da ya faɗa a ranar gajere ne. Kusan mako biyu babur ɗin yana wahalar tashi da safe, ya sanar sau biyu aka ce ya lallaɓa shi. Ranar Asabar suna dawowa daga ruga ya kashe shi a bakin wani rafi don likitan dabbobi ya sauka, daga nan bai sake tashi ba.

Oga Garba ya saurare shi da rabin kunne. Ya ce a miƙo masa gejin kwamfireshin.

Bari in yi bayanin wannan, don duk labarin a kansa yake. A cikin inji akwai silinda, kamar gwangwani, fistin yana hawa da sauka a ciki. Idan ya sauka sai ya zuƙo iska da fetur, idan ya hau sai ya matse su, fulogi ya ba da wuta. Ƙarfin wannan matsin shi makanikai suke kira kwamfireshin. In ya yi ƙasa inji ba ya tashi. Ana auna shi ne ta hanyar cire fulogi a sa geji a gurbinsa, a buga sitata, a ga inda allura za ta tsaya. Ni dai tun muna makaranta nake ɗaukarsa a matsayin numfashin inji, shi ya sa nake son wannan awon fiye da kowane.

Gejin garejinmu na motoci ne, bakinsa roba ne da ake dannawa da hannu. Ramin fulogin babur ɗin ƙarami ne kuma yana can ciki a karkace. Oga Garba ya danna robar da hannu ɗaya, ya buga sitata da ɗayan, sau uku kacal. Allura ta yi rawa ta tsaya a hamsin da biyar. Ina tsaye a bayansa na ji iska tana fita ta gefen robar, fis, fis, fis. Na kuma ga babu wanda ya taɓa totur.

"Shi ke nan," in ji shi. "Ringi ya ƙone. An tuƙa shi ba baƙin mai."

Bappa Sale ya ce, "Oga, wallahi kullum da safe sai na duba mai. Ga sandar awon man nan, a zaro a gani."

"Ai ka cika shi bayan ka gama ɓarnar. Mu ma mun san wannan. Shekara ashirin da biyar ina wannan aiki, Sale, kai za ka koya mini?"

Na ce a hankali, "Oga, totur ɗin a rufe yake."

Bai ko juyo ba. "Injiniya, je ki ɗauko takardar rahoto, rubutunki ya fi kyau."

Aka yi dariya. Na ɗauko, ya faɗa na rubuta: inji ya mutu, sakacin matuƙi. Hannuna ne ya rubuta wannan. Duka awon bai kai minti biyar ba.

Ranar Talata Manaja ya kira Bappa Sale ofis. A ƙa'idarmu, idan rahoton gareji ya ce sakaci ne, ana ba matuƙi kwana biyu, sannan a sa hannu a takardar sallama. Da ya fito na same shi ƙarƙashin darbejiyar bakin ƙofa, ya cire hularsa yana juya ta a hannu. Na gaishe shi, ya amsa kamar kullum, har da tambayar jikin mahaifiyata.

Na ce, "Bappa, me suka ce?"

"Alhamis, 'yata."

"Ba ka yi musu bayani ba?"

"Na fara. Manaja ya ce takarda ta riga ta yi bayani. Ba korar ce ta fi damuna ba. Duk wanda ya ji an ce Sale ya ƙona inji don ƙiwar duba mai, wa zai sake ba ni ko keke in tuƙa a Gombe?"

Ni ba mai faɗa ba ce, ko a gida an san ni da zama gefe da littafi. Amma a ranar raina ya ɓaci, kuma ban huce ba har na koma gida. Mutum ya yi shekaru yana shafa injin nan kamar ɗan cikinsa, a yanke masa hukunci da geji mai yoyo, a ƙi jin bakinsa, sannan a ce takarda ta yi bayani. Wace takarda? Wadda na rubuta ina kallon ƙasa?

Ranar Laraba da safe na buɗe kabad na ciro littafin babur ɗin, wanda ya zo da shi daga kamfani. Har ledarsa ba a cire ba. Littafin ya faɗi abin da aka koya mana: a cika batir, a rufe fanfon fetur, a ɗaura geji mai zare ya zauna daram, a buɗe totur gaba ɗaya, a ci gaba da buga sitata har allura ta daina hawa. Ya ce matsin kada ya gaza ɗari da ashirin. Na ciro katin sabis na lamba uku kuma. A layin watan Mayu an rubuta an canja mai, an wanke matatar iska, an daidaita bawul. Rubutuna ne. Na tsaya ina kallonsa. Na tuna ranar sarai: babura biyar muka yi wa sabis a yini ɗaya don ana gaggawar fita, muka juye mai muka wanke matata, Oga Garba ya ce in cike katunan duka. Na tambaye shi layin bawul, ya ce, "Rubuta an yi. Inji na tashi lafiya, wa zai buɗe masa kai?" Haka ake yi a garejin tun kafin in zo, kuma na bi.

A lokacin ban san ko bawul ɗin na da hannu a matsalar ba. Na dai mayar da katin cikin kabad.

Da hutun azahar na hau Keke zuwa Tudun Wada, shagon Oga Emeka mai sayar da kayan babura. Shekarunsa a Gombe sun fi nawa a duniya, Hausarsa har da karin magana. Na ba shi labarin Bappa Sale, na nuna masa tsohon fulogi na ce ina neman geji mai zare daidai wannan ramin, aro, zuwa gobe.

Ya dube ni ta saman tabarau. "Hajiya ƙarama, Garba ne ya aiko ki?"

"A'a, ni na aiko kaina."

"To! Kaza ta fara cara." Ya yi dariya, ya shiga ciki ya fito da wani akwati ja. "Ga shi. Amma ki ji: geji ba ya ƙarya, kuma ba ya da aboki. In mutumin naki ya ƙona ringi, shi ma zai faɗa a gaban kowa. Kin shirya?"

Na ce na shirya, alhali ban shirya ba.

A ƙa'ida, abin hawan da aka rubuta wa rahoto ba a sake taɓa shi sai da izinin Manaja. Na shiga ofishinsa da la'asar, na ce ina roƙon a sake awon kafin a sa hannu.

"Kina nufin shugabanki bai iya aikinsa ba?"

"Ranka ya daɗe, ina nufin gejin bai dace da ramin ba, kuma ba a buɗe totur ba. Littafin kamfani ya ce a buɗe."

Ya jujjuya littafin kamar bai taɓa ganinsa ba, kuma na tabbata bai taɓa ba. Ya ce, "Gobe ƙarfe tara. Rabin awa. In sakamakon bai canja ba, ke ma za ki amsa tambaya."

Alhamis da safe an kwana ana ruwa, garin ya yi sanyi, rufin garejin yana ɗiga a kusurwar da ya saba. Kowa ya taru, har masu gadi. Oga Garba ya ja kujera ya zauna ya harɗe ƙafa. Bappa Sale ya tsaya can bakin ƙofa. Manaja yana riƙe da fayil, takardar sallamar tana ciki.

Na sa batir ɗin da na cika tun jiya. Na rufe fetur, na cire hular fulogi na jingina ta inda ba za ta ba da wuta ba, na kwance fulogin, na hure ƙurar bakin ramin, na murɗa zaren gejin da hannu har ya zauna. Sannan na ce, "Bappa, zo ka riƙe mini totur. Danna shi har ƙarshe, kada ka saki."

Ya zo ya sa babban yatsansa. Na buga sitata. Allura ta hau, ta hau, ta wuce hamsin da biyar, ta wuce saba'in, ta tsaya a tamanin. Na ci gaba da bugawa, ba ta ƙara motsi ba.

Tamanin. Littafi ya ce ɗari da ashirin.

Oga Garba ya tafa hannu sau ɗaya. "To, Injiniya, an gode. Ko da gejin Emeka, ko da littafin Turawa, mataccen inji matacce ne. Ranka ya daɗe, a sa hannu mu kama aiki."

Na dubi Bappa Sale, har lokacin yatsansa na kan totur, bai saki ba don ban ce ya saki ba. Wannan ne ya hana ni yin kuka.

Na ce, "Saura awo ɗaya. Geji ya ce iska tana gudu, amma bai faɗi ta inda take gudu ba."

Na bayyana wa Manaja. Hanya biyu ce iska ta fi bi ta tsere. Ko ta gefen fistin, in ringin da ya zagaye shi ya cinye, wanda rashin mai ke jawowa. Ko ta bawul, wato ƙofofin da ke saman silinda, in ba sa rufuwa sosai. Ana bambancewa da cokali ɗaya na baƙin mai. A zuba ta ramin fulogi, mai zai kwanta a gefen fistin ya toshe duk wata kafa na ɗan lokaci. In ringi ne, allura za ta yi tsalle. In ba ta motsa ba, ringi ba shi da laifi.

"Kuma in ta yi tsalle?" in ji Manaja.

"To an yi gaskiya, ranka ya daɗe. Sai ka sa hannu."

Da cokalin shayina na auna man. Na zuba, na juya injin sau biyu don ya bazu, na mayar da geji. Bappa ya danna totur. Na rufe ido na buga sitata, ina jin injin yana haki a ƙarƙashin hannuna. Da na buɗe, allura tana tamanin da biyu.

Ba ta yi tsalle ba, ringi ba shi da laifi.

Ban jira izini ba. Na kwance murfin bawul, na juya injin da sifana har fistin ya kai ƙololuwa, alamar da ke jikin injin ta zo daidai. Tsakanin kan bawul da ƙarfen da ke danna shi dole a bar wata 'yar tazara, siririya kamar kaurin takarda, ana auna ta da wasu siraran ƙarafa masu kama da ganye. Yau da gobe tazarar tana tsukewa, shi ya sa ake daidaita ta lokacin sabis. In ta ƙare, bawul ba zai rufu ba. Na zura ganyen a bawul ɗin fitar hayaƙi, ya shiga da ƙyar. Na kai shi na shigar iska, ya ƙi. Na gwada mafi siranta a cikinsu, shi ma ya ƙi. Babu tazara ko kaɗan.

Na sassauta notin, na daidaita su biyun yadda littafi ya ce, na ɗaure, na sake aunawa, na rufe.

Oga Garba ya miƙe. "Yanzu in allura ta hau, ai man da kika zuba ne."

A nan ya yi gaskiya, kuma na faɗa masa haka. Don haka na mayar da fulogi, na buɗe fetur, na ce wa Bappa ya tashe shi. Bugu ɗaya ya kama. Farin hayaƙi ya turnuƙe garejin yayin da man ke ƙonewa, masu gadi suka yi waje suna tari suna dariya. Muka bar shi ya yi zafi har hayaƙin ya washe. Sannan na kashe, na sake ɗaura geji. Ɗari da hamsin da biyar.

Manaja ya dubi allura, ya dubi fayil. Ya ce, "Wa ke da alhakin daidaita bawul?"

Na ce, "Gareji."

"Yaushe aka yi na ƙarshe?"

Oga Garba ya riga ni. "Watan Mayu, yana cikin kati. Wataƙila wadda ta yi ba ta ɗaure da kyau ba, ka san hannun mata."

Wallahi da bai faɗi haka ba, ban san ko zan iya faɗin gaskiyar ba. Na je kabad na ciro katunan babura biyar ɗin, na shimfiɗa su a kan benci.

"Ranka ya daɗe, ba a yi ba. Ba a buɗe kan ko ɗaya ba a ranar. Ni na rubuta an yi, da hannuna, an ce in rubuta na rubuta. Bappa ya kawo ƙara sau biyu aka ce ya lallaɓa. Sauran huɗun suna daji yanzu haka da irin wannan katin."

Da zan so in ce muku an yi adalci a ranar, amma rabinsa aka yi. Manaja ya zare takardar sallamar ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce wa Bappa Sale, "Ka koma bakin aikinka." Shi ke nan. Babu wanda ya ce masa yi haƙuri. An kira shi maƙaryaci a gaban yaran da ya haifi kamarsu, ya kwana uku yana tunanin abin da zai faɗa wa iyalinsa, kuma ba a ga ya cancanci kalma biyu ba. Ni an ba ni takardar gargaɗi saboda cike kati ba bisa gaskiya ba, kuma na karɓa, don na ci ta. Da Oga Garba aka yi magana a ofis an rufe ƙofa, ya fito yana sakace. Wata guda bai amsa gaisuwata ba. Da aka dawo da sauran huɗun muka buɗe su, biyu sun kusa kai inda lamba uku ya kai.

Da yamma ina wanke hannu da kananzir Bappa Sale ya zo ya tsaya. Ya ce da Fulatanci, "Mi yetti, ɓingel am," wato na gode, 'yata.

Na ce, "Bappa, kada ka gode mini. Ni na rubuta katin, ni na rubuta rahoton. Ka yafe mini."

Ya daɗe yana kallona. "Na yafe. Amma ke ce kaɗai kika nema." Ya sa hularsa, ya nufi babur ɗinsa da bokitin ruwa, don lakar ranar Asabar tana nan a ƙafafunsa.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Oga Garba ba jahili ba ne, ya fi ni sanin mota nesa ba kusa ba. Abin da ya same shi shi ne ya riga ya yanke wanda ke da laifi kafin ya ɗauki geji, kuma a wannan sana'ar laifi kullum gangarowa yake yi ya sauka kan wanda ba shi da ofis. Idan za ku auna inji, ku buɗe masa totur har ƙarshe ya ja numfashinsa, kuma ku yi wa matuƙinsa haka. In allura ta nuna ƙasa, kada ku tsaya a nan, ku tambaya ta ina. Kuma kada ku sa sunanku ƙarƙashin aikin da hannunku bai taɓa ba, ko wa ya ce ku sa, domin wata rana wani bawan Allah ne zai biya.

Cokalin yana nan a akwatin kayan aikina. Ban sake shan shayi da shi ba.